Kwalbar Iridiyam Mai Miligiram 250: Abin Da Ta Yi Mini Da Inda Ta Gaza

Daren Larabar da ta wuce wani ƙanena a karatu, wanda yanzu yake koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a a gida, ya turo mini saƙo: "Yaya, kuɗin binciken nan sun fito. Katalis ɗin iridiyam da kike yawan magana a kansa, in saya ko in haƙura?" Na fara buga masa amsa a waya, na goge, na sake, sai na ga maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Ba kuma shi ne na farko da ya yi mini wannan tambayar ba. Wata 14 ke nan ina aiki da wannan katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, wanda aikinsa dasa boron a kan zoben benzin, a ɗakin gwajin da nake digirin digirgir a nan Ingila. Kwalba uku suka ratsa hannuna, biyu na yi aiki da su, ɗaya na mayar wa masu ita.

Kayan guda uku ake saye, ko da yake ɗaya ne ke cinye kuɗin. Na farko wata 'yar kwalba ce da ba ta kai babban yatsa ba, an rubuta [Ir(OMe)(cod)]2 a jikinta, a ciki akwai gari ruwan ɗorawa, miligiram 250 kacal. Shi ne mai ƙarfen iridiyam, kuma shi ne mai tsadar. Na biyu wani farin gari ne da muke kira dtbpy, aikinsa ya riƙe ƙarfen kada ya watse. Na uku B2pin2, shi ma fari, kamar sukari, daga gare shi ake samun boron ɗin da za a dasa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da rigima, ana ajiye su a kan kanta su yi watanni ba abin da ya same su. Duk abin da zan faɗa na yabo ko na ƙorafi, a kan mai ruwan ɗorawar ne.

Ga wanda ya daɗe da barin aji, bari in tuna masa matsalar. Zoben benzin kabon shida ne a kewaye, kowanne riƙe da haidurojin ɗaya. Wannan zobe yana cikin farasitamol, yana cikin asfirin, yana cikin rini da maganin ƙwari da abubuwa ba iyaka. Rabin aikinmu shi ne cire haidurojin ɗaya daga zoben a sa wani abu a madadinsa. Wahalar iri biyu ce. Ƙullin da ke tsakanin kabon da haidurojin yana da tauri, wajen kilokalori 113 a kowane mol. Sannan haidurojin ɗin duk kamarsu ɗaya, ta yaya za ka ce wa sinadari ga wanda za ka taɓa, ga wanda za ka ƙyale? Tsohuwar hanya, irin ta Friedel da Crafts tun 1877 da danginta, ba kai ke zaɓa ba. Abin da ya riga ya zauna a kan zoben shi ke nuna inda baƙo zai sauka, gwargwadon yadda yake tura ilektoron ko janye su. Kulorin da buromin, misali, suna aika baƙo ko dai kusa da su ko kuma mazaunin da ke fuskantarsu. Idan kana son wani wuri dabam, sai ka yi doguwar kewaya.

Ni kuwa wani wuri dabam ɗin nake so. Aikina ya rataya ne a kan 3-buromo-5-kulorofinol, wato zobe mai buromin a mazauni na 3, kulorin a na 5, OH a na 1, kowanne ya tsallake mazauni ɗaya tsakaninsa da ɗan uwansa. A takarda abin kamar wasa. Amma tsohuwar hanyar da aka yi shi da ita a shekarun 1920 mataki 10 ce, kuma daga TNT ake farawa, wato abin fashewar nan. A 2003 Robert Maleczka da Milton Smith na Jami'ar Jihar Mishigan suka nuna ana iya yin sa a tukunya ɗaya: a ɗauki 3-buromokulorobenzin da ake sayarwa da araha, a dasa masa boron da iridiyam, sannan a mai da boron ɗin OH da wani gari mai suna Oxone. Ranar da malamina ya miƙo mini wannan rahoton ya ce, "Gwada wannan kafin ki ɓata wata shida," a ranar na cike takardar odar kwalbar farko.

Smith ne ya fara nuna a 1999 cewa iridiyam zai iya dasa boron kai tsaye a kan benzin. A 2002 abin ya zama na kowa, lokacin da Tatsuo Ishiyama da Norio Miyaura na Jami'ar Hokkaido a Japan suka haɗa hannu da John Hartwig, yana Yale a lokacin, suka fito da wannan haɗin da nake magana a kai, mai aiki ko ba a ɗora shi a wuta ba. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, har yau shi ne ake fara gwadawa.

Abin da ya sa yake zaɓe shi ne ya fi burge ni, kuma wanda bai fahimce shi ba zai yi asarar kuɗinsa. Garin da ke cikin kwalba ba shi ne mai aikin ba. Sai an zuba shi a cikin ruwan haɗi ya rabu biyu, dtbpy ya kama iridiyam ɗin da naitirojin ɗinsa guda biyu, boron uku su zo su maƙale. Hartwig da ɗalibansa sun bi diddigin wannan siffa a rahotonsu na 2005. Ƙarfe ɗaya, abubuwa biyar a jikinsa, saura ƙofa ɗaya 'yar ƙarama, kuma ta nan zoben zai kusanto. Ka ƙaddara mutum shida sun kewaye akushi, biyu daga cikinsu sun sha babbar riga sun baje. Baƙo ya iso, shi ma da tasa babbar rigar. Ba zai matsa kusa da masu rigunan ba, ba kuma zai shiga tsakaninsu ba, sai ya nemi inda hagu da dama duk akwai sarari. A zobe mai abu biyu a mazauni na 1 da na 3, wuri ɗaya tak ya cika wannan sharaɗin, shi ne na 5. Iridiyam bai damu da wa ke tura ilektoron ko wa ke janyewa ba wajen zaɓen wuri, girman jiki yake dubawa. Shi ya sa yake kaiwa inda tsohuwar hanya ba ta kaiwa.

Ga yadda gwajina na farko ya kasance, daga littafina na ɗakin gwaji na kwafo. A cikin akwatin nan mai safar hannu da aka cika da iskar agon, na auna miligiram 10 na mai ruwan ɗorawa da miligiram 190 na B2pin2, na zuba mililita 2 na busasshen ruwan haɗi mai suna THF, na juya minti biyu. Sannan na sa miligiram 8 na dtbpy. Nan take ruwan ya rikiɗe ya koma ja mai duhu, kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri. Wannan launin shi ne alamar farko da nake dubawa har yau, in bai fito ba na san akwai magana. Na ƙara miligiram 191 na 3-buromokulorobenzin, wato milimol 1, na toshe bututun, na fito da shi na ɗora a digiri 60 ya kwana. Washegari na janye ruwan, na narkar da abin da ya rage a asiton, na ɗiga masa Oxone da aka jiƙa a ruwa. Mintuna kaɗan ya gama. Bayan tacewa na samu kashi 81 cikin 100.

Da na kai shi na'urar NMR, wadda ke nuna inda kowane haidurojin yake zaune a sinadari, na ga layuka uku tsakanin 6.7 da 7.1, kowanne na haidurojin ɗaya, kowanne da 'yar tsaga wadda ba ta wuce haz 2 ba. Ƙaramar tsagar nan ita ce shaidar cewa babu haidurojin biyu da ke maƙwabtaka, ke nan kowane abu ya zauna inda nake so. Na daɗe zaune a gaban kwamfutar ina kallonta. Buromin ɗin yana nan, kulorin ɗin yana nan, iridiyam bai taɓa ko ɗaya ba, alhali da ƙarfen faladiyam ne buromin ɗin zai fara kamawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don buromin ɗin nake bukata a mataki na gaba. A wannan aikin kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu tun a kwanan farko.

Daga nan na yi ta gwada shi a kan duk zoben da ke da abu biyu a 1 da 3: mai esta, mai CF3, mai OMe, mai kulorin biyu. Bai ba ni kunya ba. Na lura zoben da aka janye wa ilektoron ya fi saurin gamawa, wani ma a zafin ɗaki cikin hekzan, shi kuwa mai yalwar ilektoron sai an ɗaga wuta zuwa digiri 80 an yi haƙuri. Wannan kishiyar abin da aka koya mana ne game da Friedel da Crafts, kuma yana da kyau ɗalibi ya gani da idonsa. Wani alherin shi ne boron ɗin ba ƙarshen hanya ba ne. Kana iya mai da shi OH kamar yadda na yi, ko ka mai da shi buromin ta amfani da gishirin tagulla, ko ka ɗinke shi da wani zoben ta hanyar haɗin Suzuki da Miyaura, wanda ya kai Akira Suzuki ga kyautar Nobel a 2010 tare da Heck da Negishi.

To, inda ya gaza.

A wata na huɗu na buƙaci dasa boron a kan zobe mai abu ɗaya kawai, a mazaunin da ke fuskantarsa, wanda muke kira para. Na san abin da littafi ya ce, amma nasarorin baya suka sa na yi fatan ko za a dace. Ba a dace ba. Zobe mai abu ɗaya yana da wurare uku da baƙo zai iya zama a sake, biyu a meta, wato mazaunan da suka tsallake ɗaya daga abin da ke kan zoben, ɗaya a para, kuma iridiyam ba ya bambanta su. Sai ka samu cakuɗe, kusan biyu bisa ɗaya, kamar yadda aka sani a toluwin, ga kuma wani kaso da ya karɓi boron sau biyu. Kwana uku na yi ina ƙoƙarin raba su a kan silika, suna fitowa tare kamar tagwaye, ga shi estar boron tana jan ƙafa a bututun tacewa tana barin wani kaso a baya. A ƙarshe na zubar. Takardar da masu sayarwa ke haɗowa da kwalbar tana kiransa mai zaɓe, gaskiya ne, amma ba ta cewa zaɓen nasa ya dogara ne kacokan ga fasalin zoben da ka ba shi, kuma ina ganin ya kamata a rubuta hakan ɓaro-ɓaro, don ɗalibai da yawa daga takardar nan suke fara sanin sinadarin.

Akwai masu neman maganin wannan. A 2015 Kuninobu da Kanai a Japan sun ƙera wani mariƙin ƙarfe, madadin dtbpy, mai hannu da ke kama abin da ke kan zoben ya jawo iridiyam zuwa meta. A shekarar ce kuma ɗakin gwajin Itami a Nagoya ya yi amfani da wani mariƙi mai ƙaton jiki don tura boron zuwa para. A 2016 Robert Phipps a Kambirij ya yi nasa da jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani. Ayyuka ne masu kyau ƙwarai, amma kowanne an ɗinka shi ne daidai jikin wasu zobba, kuma ba su ne ke cikin wannan kwalbar ba. Kada wani ya karanta su ya ɗauka dtbpy zai yi masa haka.

Firidin, zoben da naitirojin ya maye gurbin kabon ɗaya a cikinsa, shi ma ya ba ni wuya. Naitirojin ɗin da ke cikin zoben yana zuwa ya toshe ƙofar nan guda ɗaya da ta rage a jikin iridiyam, sai aikin ya tsaya. Wanda na gwada mai abu a mazauni na 3, bayan awa 24 yawancinsa yana nan yadda na zuba shi. Da na sauya dtbpy da wani mariƙin mai suna Me4phen abin ya ɗan motsa. Amma 2,6-daikulorofiridin, wanda kulorin biyu suka kare naitirojin ɗinsa, ya karɓi boron a mazauni na 4 tsaf cikin 'yan awoyi. Fulorin kuma ƙarami ne, ba ya korar baƙo kamar sauran, saboda haka zobe mai fulorin yakan ba da cakuɗe ko da yana da abu biyu a 1 da 3. Aldehaid da ƙullin kabon mai ninki biyu, waɗannan boron ɗin kansa ke afka musu, sai an kare su tukuna.

Yanzu maganar kwalba ta biyu, wadda ita ce ainihin abin da nake so ƙanen nawa ya ji. Ta farko ta yi mini wata bakwai, kullum tana cikin firizar da ke cikin akwatin agon. Da ta ƙare, ofishin sayayya ya samo wata a wani kamfani dabam da ɗan rangwame. Tun da na buɗe ta gabana ya faɗi, don garin ba ruwan ɗorawa ba ne, ya dushe ya yi ƙasa-ƙasa, murfin kuma na roba ne kawai ba a like shi da komai ba. Na gwada shi a kan zoben nan nawa da na san halinsa kamar tafin hannuna. Jan zoɓon bai fito ba, sai wani ruwa mai dauɗa da baƙin gari a ƙasa. Bayan kwana guda ko kashi 15 bai ci ba. Na zargi ruwan haɗin, na buɗe sabo. Na zargi B2pin2, na aro na maƙwabciyata a benci. Mako biyu suka tafi a haka kafin na aro miligiram 10 na iridiyam daga wani ɗakin gwajin, aikin ya tafi sumul, na tabbatar kwalbar ce. Na rubuta wa kamfanin da hotuna da sakamakon NMR. Amsarsu ta farko ita ce takardar shaidar ingancinsu ta nuna kayan lafiya lau suka bar hannunsu. Sai da malamina ya sa baki suka karɓi kwalbar suka mayar da kuɗin, bayan mako uku. Kuɗin sun dawo, makonni biyar ɗin ba su dawo ba, kuma a lokacin ina da taron da zan gabatar da sakamako.

Tun daga nan duk kwalbar da ta iso, kafin ta taɓa wani abu mai daraja, sai na yi mata gwajin milimol 1 a kan 1,3-daikulorobenzin. Miligiram 10 ne da kwana ɗaya. In layin nan mai tsayi na haidurojin 12 ya fito a wajen 1.34 a NMR, alamar boron ya dasu, kuma zoben asali ya ɓace, na yarda da ita. Ta ukun, wadda muka koma kamfanin farko muka sayo, ta zo a kwalbar gilashi da aka narke bakinta aka rufe, ta ci gwajin, ita nake amfani da ita yanzu.

Tsadar tana da dalili. Iridiyam na cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a ɓawon ƙasa. Abin da ake haƙowa a duniya duka a shekara bai wuce tan 7 zuwa 8 ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000, kuma mafi yawansa daga yankin Bushveld na Afirka ta Kudu yake fitowa, a matsayin rarar haƙar filatinam. Daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 farashin oza ɗaya ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 ya haura 6,000 cikin 'yan watanni. Amma a yi lissafi da kyau kafin a tsorata: miligiram 250 gwaji 25 ne a ma'aunin milimol 1, kuma a kan zobe mai sauƙin kai na sha rage shi zuwa kashi ɗaya cikin uku ya gama aikin. Ga ɗalibin da ke yin miligiram ɗari biyu-biyu, kwalba ɗaya ta isa rabin shekara. Mai niyyar yin kilo, ko mai haɗa abin da zai shiga jikin mutum, lissafinsa dabam ne, don ƙa'idar duniya ta magunguna ba ta yarda iridiyam ya wuce maikurogiram 100 a rana a maganin sha ba, ke nan sai an ƙara matakin tsame shi.

Abu ɗaya na lafiya da ba na so a manta: aikin yana fitar da iskar haidurojin, musamman in boron na biyu da ke jikin B2pin2 ya shiga aiki ko an yi amfani da wani sinadarin boron mai suna HBpin. Bututu a toshe, a kan wuta, iska na taruwa. Kada a cika shi ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a sa garkuwa a gabansa, a bar shi ya huce kafin a buɗe.

Da na gama rubuta wannan na kira ƙanen nawa. Na tambaye shi abu huɗu: yana da tukunyar agon ko busasshiyar naitirojin da layin Schlenk, wato bututan da ake aiki da su ba tare da iskar waje ta shiga ba, yana da firizar da wutarta ba ta yankewa, yana da inda zai kai samfur a yi masa NMR cikin mako guda, kuma wane fasali zobbansa suke da shi. Ya ce naitirojin akwai, firizar tana kan sola, NMR sai ya aika wani gari. Ya karanto mini sinadarai tara da yake son yi. Huɗu masu abu biyu ne a 1 da 3. Uku masu abu ɗaya ne yana son para, na ce waɗannan ya sayi masu buromin a wurin tun asali, ya bi hanyar faladiyam ta Miyaura ta 1995, ta fi araha kuma ba cakuɗe. Biyun da suka rage firidin ne, na ce ya ajiye su tukuna.

Saboda huɗun nan na ce ya saya, amma ba mai ruwan ɗorawar ba. Kayan da za su yi makonni a hanya, su kwana a rumbun kaya cikin zafi, ban yarda wannan garin zai iso da ransa ba. Na ce ya nemi ɗan uwansa mai kulorin, [Ir(cod)Cl]2, ja ne mai ruwan lemo, ya fi jure tafiya. Yana aiki da dtbpy ɗin in an kai shi digiri 80, in kuma yana son mai ruwan ɗorawar, ana yin sa daga wannan da KOH a cikin metanol, ya yi kaɗan-kaɗan daidai bukatarsa. Ya nemi miligiram 250 a rufaffiyar kwalbar gilashi, kada ya karɓi mai murfin roba, kuma ranar da ta iso ya fara da 1,3-daikulorobenzin. Ya ce, "To Yaya, ki turo mini shafin littafin naki." Na ɗauki hoton shafi na 41 da na 42 na tura masa, na ja layi a ƙarƙashin inda na rubuta cewa boron ake fara sawa kafin dtbpy.